Ranar Da Ƙananan Manoman Inabi Suka Kunyata Faransa

Ran 24 ga watan Mayu, 1976, wani Bature ɗan Ingila mai suna Steven Spurrier, wanda ke da kantin giyar inabi a birnin Paris, ya gayyaci gwanayen Faransa guda tara zuwa wani otel domin su ɗanɗana giya iri ashirin, goma fara, goma ja. Ko da yake giya ba abin shan Musulmi ba ce, abin da ya auku a wannan rana ya shafi duk mai sana'a.

Bambancin fara da ja daga ɓawon inabi yake. Idan aka bar ruwan jan inabi ya tsimu tare da ɓawonsa sai ya yi ja, idan kuwa aka matse aka raba su tun farko sai ya fito fari. Masu ɗanɗano sukan duba launi, su sunsuna, su kurɓa, sa'an nan su tofar.

A lokacin nan kowa ya sallama wa Faransa a wannan sana'a. Amma Spurrier ya sa aka ɓoye sunayen kwalabe, ya haɗa giyar manyan gidajen Faransa da ta waɗansu ƙananan masana'antu na Kalifoniya ta ƙasar Amurka, waɗanda ba a san da su ba. Alƙalai suka ba kowace maki bisa ashirin.

Da aka ƙidaya, a wajen fara sai Chateau Montelena ta 1973 ta zo na ɗaya. A wajen ja kuma Stag's Leap ta 1973 ce ta yi nasara, alhali a 1970 aka dasa inabinta. Dukansu biyu daga kwarin Napa na Kalifoniya suke. Abin ya ɓata wa wata alƙaliya, Odette Kahn, rai har ta nemi a mayar mata da takardar makinta.

Wanda ya haɗa farar, watau Mike Grgich, baƙo ne ɗan Kuroshiya wanda ya isa Napa a 1958 da ɗan akwatinsa, ya yi shekara da shekaru yana yi wa waɗansu aiki. A 1977 ya buɗe tasa masana'antar. Akwatin nan nasa da kwalaben da suka yi nasara an ajiye su a gidan tarihi na Smithsonian a birnin Washington.