Kirari da Horon Zuciya: Hanyar Jawo Matasan 'Yan Wasa ga Shirin Tunani

1.0 Gabatarwa

Matashin ɗan wasa a ƙasar Hausa yakan shafe sa'o'i yana gudu da ɗaga ƙarfe, amma da wuya ya ware mintuna goma don horar da zuciyarsa. Da yawa suna ganin neman taimakon masanin halayyar ɗan'adam tamkar amsa cewa suna da taɓin hankali ne. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa horon zuciya yana da tushe a al'adar Bahaushe, kuma ta wannan ƙofa ya fi sauƙi a jawo matasa gare shi.

2.0 Ma'anar Horon Zuciya

Horon zuciya shi ne koya wa ɗan wasa sarrafa tunaninsa da fargabarsa kamar yadda yake sarrafa gaɓɓansa. Fannin ya kankama a 1925, lokacin da Coleman Griffith ya buɗe ɗakin bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka. Manyan dabarunsa huɗu ne: ƙayyade buri, sawwara wasa a zuci kafin a shiga fage, yi wa kai magana, da daidaita numfashi. Tun a 1908 binciken Yerkes da Dodson ya share fagen fahimtar cewa zumuɗi yana ƙara ƙwazo zuwa wani mataki, in ya zarce kuma sai ya rage shi. Janyewar Simone Biles daga wasu wasannin Olamfik na Tokyo a 2021 ta nuna cewa ƙarfin jiki ba ya wadatarwa idan hankali ya rabu.

3.0 Misali daga Dambe da Kokawa

Ɗan dambe ba ya shiga fage sai makaɗi ya kaɗa masa takensa da kalangu, shi kuma ya ɗaga hannu ya yi kirari. A kirarin yana ambaton waɗanda ya kayar da garuruwan da ya yi suna, wato yana tunatar da kansa nasarorinsa. Wannan ita ce dabarar yi wa kai magana. Waƙoƙin da Muhammadu Bawa Ɗan'anace ya yi wa Shago sun nuna yadda zuga take cire tsoro. Haka lamarin yake a gasar kokawa ta takobi da ake yi a Nijar tun 1975.

Sai dai akwai giɓi. Kirari da take suna tunzura zuciya ne kawai, ba su koyar da yadda za a kwantar da ita in zumuɗi ya yi yawa, ko yadda za a farfaɗo bayan an sha kaye a gaban jama'a. A nan ne matasa da dama suke karaya, wasu su jingina faɗuwarsu ga asirin abokin karawa, wasu su koma ga ƙwayoyi.

4.0 Kammalawa

Mai horarwa da ya sa yaro ya tsara wa kansa gajeren kirari, sannan ya koya masa jan numfashi kafin bugun fanareti, zai fi samun karɓuwa a kan wanda ya zo da baƙin kalmomi. Aikin da ke gaban manazarta Hausa shi ne tattara kirarin 'yan wasa, da nazarin tasirinsa, da samar da keɓaɓɓun kalmomin fannin da masu horarwa za su yi amfani da su a makarantu da filayen unguwa.