Dalmar da ke maƙalewa a bututun bindigar farauta: Yadda ake cire ta ba tare da an kai guba gida ba

Da zarar an gama girbi, hunturu ya fara busawa, mafarauta a birnin Katsina sukan fiddo bindigoginsu domin shirin fita daji. Wanda ya karya bindigarsa ya ɗaga bututun wajen haske, sau da yawa yakan ga zane-zane masu launin toka kwance a ciki. Wasu na ɗauka tsatsa ce, wasu su ce dauɗar albarushi ce. Galibi dalma ce.

Daga ina take fitowa?

Harsashin bindigar farauta, mai baki ɗaya ko mai baki biyu, cike yake da ƙananan ƙwayoyin dalma. Dalma ƙarfe ce mai taushi, tana narkewa a zafin digiri 327 a ma'aunin Salshiyas. Idan aka harba, ƙwayoyin na gogar bangon bututun da ƙarfi, sai su bar ɓurɓushi. Wurare biyu ta fi taruwa: gaban mazaunin harsashi, da kuma kusa da baki inda bututun ya ƙuntata.

Harsasan zamani na da ɗan kofin roba da ke rungume ƙwayoyin, don haka dalmar da suke bari ba ta da yawa. Tsofaffin harsasai da waɗanda aka sake ɗurawa da hannu su ne suka fi ɓata bututu.

Idan ta taru, ƙwayoyin kan watse ba yadda aka saba ba, maharbi ya yi ta kuskuren abin da ya auna. Danshi kuma na iya ɓuya a ƙarƙashinta, tsatsa ta riƙa cin ƙarfen ba a sani ba.

Wannan ya sha bamban da bindigogin da 'yan bindigar sarki ke bugawa a hawan Sallah a Ƙofar Soro. Su albarushi kawai ake ɗura musu, kuma ruwan zafi da sabulu na wanke dauɗarsa. Dalma kuwa ruwa ba ya fitar da ita.

Yadda ake cire ta

Matakin farko shi ne a tabbatar babu harsashi a ciki, sannan a raba bututun da sauran bindigar. A jiƙa tsumma da man wanke bindiga, a tura shi da sanda daga wajen mazaunin harsashi zuwa baki, a bar shi ya jiƙu kamar minti goma sha biyar. Inda babu wannan man, kananzir na taimakawa wajen sassauta dauɗar, amma ba ya narkar da dalma.

Buroshin tagulla ne ke yin ainihin aikin. Tagulla ta fi dalma tauri, amma ba ta kai ƙarfen bututun ba, saboda haka tana kankare dalmar ba tare da ta ji wa bututun ciwo ba. A tura buroshin ya fita gaba ɗaya kafin a jawo shi, sau goma zuwa ashirin, sannan a bi da busasshen tsumma. Za a ga ƙyalli-ƙyallin dalma a jikinsa. A maimaita har tsumman ya fito tas, sai a shafa mai kaɗan.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne amfani da samfefa ko soson ƙarfe na wanke tukunya. Suna karce bututun, kuma karcen ne zai fi riƙe dalma a gaba. Wani soson kan yi kama da tagulla alhali fenti ne. Idan maganaɗisu ya kama shi, a ajiye shi. Kafin a mayar da bututun, a leƙa a tabbatar ba a manta tsumma a ciki ba, domin harbi da toshasshen bututu na iya fasa shi a hannun mai shi.

Haɗarin da ke biyo mutum gida

Babbar barazanar ba ga bindigar take ba. A 2010, gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a maƙwabciyar jihar Zamfara, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, sakamakon niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje. Dalmar bututun bindiga ba ta kai wannan yawa ba, amma hanyar ɗaya ce: ƙura ta sauka a tsakar gida, yaro ya taɓa, ya kai hannu baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadi na dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ta fi illa ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara da masu juna biyu.

Damuwa kan gubarta ce ta sa Amurka ta haramta farautar tsuntsayen ruwa da ƙwayoyin dalma a 1991, Tarayyar Turai kuma ta hana harba su a wuraren fadama daga 2023.

Don haka bai kamata a yi wannan aikin a zaure ko kan tabarmar da iyali ke zama ba. A yi shi a fili, nesa da madafa da wurin wasan yara, a shimfiɗa tsohuwar jarida ko leda. A ƙulle tsummokaran a leda a zubar, kada a jefa su a murhu. Ba a cin goro ko shan taba ana cikin aikin, kuma a wanke hannu da sabulu kafin a ɗauki yaro ko a sa hannu a kwano.

Dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi ga mai riƙe da irin wannan bindiga. Idan bayan wankin aka ga rami, kumburi ko tsagewa a bututun, to ya wuce aikin buroshi. A daina harbi da ita har sai mai gyaran da hukuma ta amince da shi ya duba ta.