Idon Ɗalibi a Kan Allon Waya

Cikin 'yan shekaru kaɗan Daura ta zama garin ɗalibai. Ga Kwalejin Yusufu Bala Usman da ta daɗe, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da aka kafa a 2019, ga kuma Jami'ar Sufuri ta Tarayya da kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. Samari da 'yan mata daga Mai'aduwa, Zango, Sandamu, Ɓaure da wasu jihohi sun cika gari, kusan kowa da waya a hannu, kuma kuɗin data kan riga na abinci fita daga aljihu.

Auna kai da wasu ba sabon abu ba ne. Tun a 1954 masanin halayyar ɗan Adam, Leon Festinger na Amurka, ya bayyana cewa mutum kan gane matsayinsa ne ta hanyar duban na kusa da shi. Amma a da, wanda kake auna kanka da shi ɗan unguwarku ne. Ka ga sabuwar shaddarsa ranar hawan Sallah, ka kuma san bashin da ubansa ya ci kafin a ɗinka ta. Yanzu Instagram da TikTok shaddar kawai suke nuna maka. Yarinya tana ɗaki da garin kwaki, tana kallon akwatunan lefe da ankon biki na wata a Abuja, ba ta san motar da aka jingina da ita aro ce ba, fuskar ma manhaja ce ta gyara ta.

Bincike ya tabbatar da cewa abin ya wuce ƙorafin dattawa. Masana uku, Braghieri da Levy da Makarin, sun bi diddigin yadda Facebook ya shiga jami'o'in Amurka ɗaya bayan ɗaya daga 2004 zuwa 2006. Sakamakon da suka fitar a 2022 ya nuna ciwon damuwa ya ƙaru inda kafar ta shiga, musamman ga ɗaliban da ba su da ƙarfi a aljihu. A Jami'ar Pennsylvania kuwa, a 2018, an taƙaita wa wasu ɗalibai amfani da kafafen sada zumunta zuwa minti 30 a rana na mako uku, sai kaɗaici da damuwa suka ragu.

Inda gizo ke saƙar a wurinmu shi ne sunan da muke ba wannan hali. Ɗalibin da ya ce nasarar abokinsa na hana shi barci, nan take za a ce hassada ce ko raunin imani. Wa zai yarda a kira shi mahassadi? Sai ya yi shiru. Barci ya ƙaurace, karatu ya lalace, ya daina shiga mutane. In abin ya yi tsanani, gida su ce iska ce ko sammu, a nufi wurin mai ruƙiyya, likita kuwa sai a ƙarshe, in ma an tuna da shi.

A farkon 2023 marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura, a matsayinsa na shugaban ƙasa, ya sa hannu kan dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Sai dai likitocin wannan fanni a Nijeriya 'yan ɗaruruwa ne, ga mutane sama da miliyan 200. Don haka wanda zai fara lura da ɗalibin da ya canza ba likita ba ne. Abokin ɗakinsa ne, ko malamin da ya ga kujerarsa babu kowa mako biyu a jere.