Makin Jirgin Sama: Nawa Yake Idan Aka Mayar da Shi Kuɗi?

Duk wanda ya saba hawa jirgin sama ya san saƙon nan da ke shigowa waya bayan an sauka: kamfani na taya ka murna, ka samu maki kaza, abin da ka tara ya kai kaza. Adadin kuwa yakan cika ido. Mutum ya ga 40,000 ko 60,000 a gaban sunansa, sai ya ji kamar ya yi wata babbar ajiya. Amma tambaye shi nawa makin nan suke a naira ko a dala, da wuya ya ba ka amsa. Kamfanin ma ba ya ɗokin gaya masa, domin rashin sanin yana yi wa kamfani amfani. Lissafin kuwa ko ɗan firamare zai iya: ɗebewa ɗaya, rabawa ɗaya. Inda gizo ke saƙa shi ne sanin adadin da ya kamata a sa cikin lissafin tun farko.

A Amurka aka fara wannan harka. A shekarar 1978 gwamnatin ƙasar ta cire hannunta daga ƙayyade farashin tikiti, gasa ta yi zafi tsakanin kamfanoni, kowa na neman yadda zai riƙe fasinjojinsa. A 1981 American Airlines ya fito da shirin AAdvantage, kafin a je ko'ina United ya biyo baya da nasa. Dabarar mai sauƙi ce. Kujerar da jirgi ya tashi da ita babu kowa ta tafi ke nan, ba za a sayar da ita gobe ba, don haka ba da ita ga wanda ya saba ciniki da kai ba wata asara ba ce. Gyara ce irin wadda mai awo ke yi wa abokin ciniki don ya dawo gobe. Yau kusan kowane babban kamfani yana da nasa shirin. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Dubai da Guangzhou da Alƙahira, da masu zuwa Umra, sun san wasu daga cikinsu: ShebaMiles na Ethiopian Airlines, Skywards na Emirates, AlFursan na Saudia, Miles&Smiles na Turkish Airlines, da Privilege Club na Qatar Airways, wanda tun 2022 ya koma amfani da makin Avios irin na British Airways.

Ga yadda ake lissafin. Ka duba kuɗin tikitin tafiyar da kake son yi, a ranar da kake son yin ta. Ka sake duba tafiyar da maki, ka ga maki nawa ake nema, da kuma kuɗin da za ka biya a kai, domin tikitin maki ma ana biya masa haraji da kuɗin filin jirgi, wasu kamfanonin har da ƙarin kuɗin mai. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Sai ka ɗebe wannan kuɗin daga farashin tikiti, abin da ya rage ka raba shi da yawan makin. Mu ƙaddara tikitin dala 800 ne zuwa da dawowa, da maki kuma ana neman 50,000 da dala 200. Ke nan makinka dala 600 suka biya maka. Raba 600 da 50,000, kowane maki ɗaya ya tashi senti 1.2. In an canza dala a naira 1,500, maki ɗaya naira 18 ke nan, dubu ɗaya kuma naira 18,000.

Wannan senti 1.2 ɗin bai yi nisa da abin da masu bin diddigin harkar a Amurka ke ƙiyastawa ba, don galibi suna sa makin manyan kamfanonin ƙasar tsakanin senti 1 da 1.5. Sai dai wannan ƙiyasi na kowa da kowa ne. Makinka ba su da wata tsayayyar daraja sai ranar da ka kashe su, kuma abin da ka saya da su shi zai yanke musu farashi. Ɗauki gajeriyar tafiya wadda tikitinta dala 150 ne, ana neman maki 15,000 da harajin dala 90. Dala 60 kacal ka tsira da ita, maki ɗaya ya faɗo senti 0.4. Makin da suka yi maka aikin senti 1.2 a wancan tikiti, a nan kashi ɗaya cikin uku suka yi. Shi ya sa hanyoyin da haraji ya yi wa yawa, irin tashi daga Landan inda gwamnatin Birtaniya ke karɓar harajin fasinja mai nauyi a kan tafiya mai nisa, sukan cinye ribar maki a kujerun gama-gari. A cikin Amurka kuwa, abin da ake biya a kan tikitin maki yakan tsaya a dala 5.60 na kuɗin tsaro a tafiya ɗaya. Wanda ya karanta labarin Ba'amurke da ya yi tafiya kusan kyauta, ya zaci haka abin yake daga Kano ko Abuja, zai sha mamaki a shafin biyan kuɗi.

Akwai kuma wani wuri da mutane ke ruɗin kansu, har ma waɗanda suka iya lissafi. Kujerar manya ta gaban jirgi, wadda ake kwanciya a miƙe, tana da tsada sosai a kuɗi, amma a maki tsadarta ba ta kai haka ba. Mu ce dala 3,500 ce, ko maki 110,000 da dala 400. Lissafi ya ba ka senti 2.8, fiye da ninki biyu na misalinmu na farko, sai mutum ya yi ta ba abokai labarin ribar da ya ci. To amma a tambaye shi tsakani da Allah: da babu maki, zai cire dala 3,500 daga aljihunsa ya sayi kujerar nan? In amsar ita ce a'a, to ba dala 3,100 ya adana ba, domin ba a adana kuɗin da dama ba za a kashe ba. Adadin gaskiya shi ne abin da zai iya biya da zuciya ɗaya don ya samu wannan hutun. In dala 1,200 ce, a ɗebe 400, a raba 800 da 110,000, sai ga maki ɗaya bai kai senti 1 ba. Ba ina hana kowa more wa kujerar manya ba ne. Dattijon da zai yi awa goma sha a sama da ciwon baya, wannan kujera tana da daraja a wurinsa ƙwarai. Abin da nake cewa shi ne a kira abin da sunansa, jin daɗi aka saya, kada a rubuta shi a shafin riba.

Haka nan a kujerun gama-gari, farashin da za a gwada da shi shi ne mafi arhar tikitin da da gaske za ka saya, ko da na wani kamfanin ne. In kamfaninka na sayar da tafiyar dala 800, wani kuma yana kai ka wuri ɗaya a rana ɗaya da dala 650, kuma ba ka da matsala da hawansa, to 650 ce za ta shiga lissafi. A ƙara da cewa tikitin maki ba ya kawo sabbin maki, alhali da ka biya kuɗi da ka samu wasu. Ɗan kasuwa kuma sai ya duba kilo nawa aka yarda masa a tikitin maki, domin wanda zai dawo da kaya daga Sin, jaka ɗaya da aka rage masa tana iya shafe duk abin da ya ɗauka ya samu. Ga kuma maganar samun gurbi. Kujerun da ake warewa masu maki a farashi mai sauƙi kaɗan ne, kuma a lokutan da kowa ke son tafiya, irin goman ƙarshe na azumi ko ƙarshen Disamba, su ne ke fara ƙarewa.

Da zarar ka san abin da maki ɗaya ke yi maka, wata tambayar ma ta warware: nawa ya dace ka ƙara biya don ka tara su? Daga Kano zuwa Jidda ya ɗan haura mil 2,000, zuwa da dawowa sama da 4,000. Amma tikiti mafi arha sau da yawa rabin nisan ake rubuta masa a matsayin maki, ko kashi ɗaya cikin huɗu, wani ma ba a ba shi komai. In ka samu maki 2,000 a kan senti 1.2, dala 24 ce. Wanda ya ƙi tikitin da ya fi arha da dala 70 don kada makinsa su tsere masa, ya sayi dala 24 a kan dala 70. Haka in kamfani ya turo tallan sayar da maki, har da garaɓasar ƙarin kashi kaza, raba kuɗin da jimillar makin da za a ba ka. In ya tashi senti 2, kai kuma senti 1.2 suke yi maka, ka bar musu kayansu. Sayen maki yana da ma'ana ne in kaɗan suka rage maka ka cike tikitin da ka riga ka gani da idonka akwai gurbi.

Wani injiniya a jihar Kalifoniya, David Phillips, ya yi suna a 1999 saboda ya yi wannan rabawar tun kafin ya kashe ko sisi. Kamfanin abinci na Healthy Choice ya yi tallan ba da maki 1,000 ga duk wanda ya aiko da tambarin kayansa guda 10 da wuri. Phillips ya gano wani abin zaƙi na kamfanin da ake sayarwa senti 25 kofi ɗaya, ke nan maki 1,000 a kan dala 2.50. Ya sayi kofuna 12,150, ya kashe dala 3,000 da 'yan kai, ya tashi da maki sama da miliyan 1.2. Maki ɗaya a kan rubu'in senti ya tsaya masa. Irin wannan sa'a ba kullum take faɗowa ba, kuma kamfanoni sun daɗe da koyon darasi.

Ya kamata kuma mai tara maki ya san da wa yake ciniki. Abin da ya fara a matsayin kyautar kujerun da ba a sayar ba yanzu ya zama babbar sana'a mai zaman kanta, domin kamfanonin jiragen suna sayar wa bankuna maki da tsabar kuɗi, bankunan kuma su raba wa masu amfani da katinansu. A 2023 kaɗai kamfanin jirgin Delta ya karɓi kusan dala biliyan 6.8 daga American Express. Da annobar korona ta tsayar da jirage a 2020, United ya jinginar da shirinsa na MileagePlus ya ci bashin dala biliyan 6.8, inda aka yi wa shirin kuɗi kusan dala biliyan 22, fiye da darajar hannayen jarin kamfanin gaba ɗaya a lokacin. Delta ya ci biliyan 9 a kan shirinsa na SkyMiles, American kuma biliyan 10 a 2021.

Kamfanin da ke buga makin shi ne kuma ke yanke farashin abin da za a saya da su, kuma yana iya canza shi yadda ya ga dama. A da akwai jadawalin da ke nuna maki nawa ake bukata zuwa kowane yanki na duniya. Delta ya cire nasa a 2015, United a 2019, yanzu adadin yana hawa da sauka tare da kuɗin tikiti. Doka ma ba ta cika tsaya wa mai maki ba. A 2014 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan kamfanin Northwest a shari'arsa da Binyomin Ginsberg, wani malamin Yahudawa da kamfanin ya kora daga shirinsa bisa zargin yawan ƙorafi. Da Air Berlin ya durƙushe a 2017, shirinsa na topbonus ya bi shi, masu ajiya suka tashi a tutar babu. A watan Satumban 2024 ma'aikatar sufurin Amurka ta buɗe bincike kan manyan kamfanoni huɗu na ƙasar game da rage darajar makin da mutane suka riga suka tara. Abin da duk wannan ke nunawa shi ne maki ba abin ajiya ba ne na shekaru. Ba sa haihuwa, kuma sau da yawa canjin da ake yi musu na raguwa ne.

Ga ɗan Najeriya akwai wata 'yar ƙura a nan. A farkon watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ke da maki a kamfanin waje ya ga darajarsu a naira ta ninka fiye da sau uku ba tare da ya yi komai ba, tunda tikitin da suke saya da dala ake yi masa kuɗi. Wannan gaskiya ne, amma faɗuwar naira ce ta jawo shi, kuma harajin da zai biya a kan tikitin makin shi ma ya ninka. Don haka ya fi kyau a yi lissafin da dala, a ƙarshe a juya shi naira da canjin ranar. Mutanen Nijar ba su da wannan ciwon kai sosai, tunda sefa a ɗaure take da yuro, kusan 656 a kan yuro 1.

Saura ƙananan abubuwa da ke sa maki su koma sifili. Na farko wa'adi: makin Skywards shekara uku suke yi su mutu, na Delta da United ba sa mutuwa, kowane kamfani da ƙa'idarsa. Kashe su a sayen turare ko agogo a kantin kamfanin galibi shi ne mafi ƙarancin riba, sai dai in wa'adinsu ya zo kuma babu tafiya a gaba, da babu gara ba daɗi. Sayar da su ga dillali kuwa yawancin kamfanoni sun hana, in aka gano ana iya rufe asusun a soke tikitin. Mafi yawan asarar mutanenmu ma ba ta kai nan ba. Da yawa ta hannun ejan suke yankan tikiti, ba a sa lambar asusunsu, su yi shekaru suna zirga-zirga babu abin da aka rubuta musu, alhali rajistar kyauta ce, kuma kamfanoni da dama suna yarda a nemi makin tafiyar da aka riga aka yi in ba a daɗe ba. Ethiopian da EgyptAir da Turkish duk suna cikin ƙawancen Star Alliance, lamba ɗaya ta ishe ka tara makin ukun a wuri guda.

Saboda haka, mai karatu, in kana tafiye-tafiye, ka buɗe asusu, ka ba ejan ɗinka lambar, ka sayi tikitin da ya fi maka arha da dacewa ko da maki ko babu. Ranar da za ka kashe abin da ya taru, ka ɗebe haraji daga farashin da da gaske za ka biya, ka raba da yawan makin. In ya haura senti 1, kashe su kada ka jira. In bai kai rabin senti ba, biya da kuɗi ka bar su sai tafiya ta gaba.