Garin Auyo: Yawan Jama'arsa da Yanayin Zamansa

Gabatarwa

Auyo ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Auyo, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 27 na Jihar Jigawa, kuma ɗaya daga cikin takwas da ke ƙarƙashin Masarautar Haɗeja. Garin yana kudu maso yammacin birnin Haɗeja, tafiya kaɗan a mota, cikin kwarin da Kogin Haɗeja ya ratsa. Ƙaramar hukumar tana da mazaɓu goma, wato Auyo, Auyakayi, Ayama, Ayan, Gamafoi, Gamsarka, Gatafa, Kafur, Tsidir da Unik.

Baƙon da ya shiga Auyo zai tarar da gari mai natsuwa, wanda ba shi da cunkoso ko hayaniya irin ta manyan birane. Sai dai wannan natsuwa ba ta nufin garin yana tsaye wuri ɗaya. Jama'arsa suna ƙaruwa cikin sauri, alhali kuwa ƙasar noma ba ta ƙaruwa, kogin da ke ciyar da su kuma shi ne ke yi musu ɓarna a wasu shekaru. Manufarmu a wannan bayani ita ce mu fayyace wa mazauna karkara da jami'an ƙananan hukumomi yadda waɗannan abubuwa uku, jama'a da ƙasa da ruwa, suke ɗaure da juna.

Taƙaitaccen tarihi

Auyo tsohon gari ne. Tun kafin jihadin ƙarni na 19 tana cikin ƙananan masarautun wannan yanki da suke ƙarƙashin inuwar daular Barno. Tarihin baka yana danganta kafuwarta da ta Shira da Tashena, waɗanda a yau suke cikin Jihar Bauchi, inda ake cewa 'yan'uwa ne da suka fito daga ƙasar Bagarmi suka kafa garuruwan uku. A farkon ƙarni na 19 Fulanin da suka kafa Masarautar Haɗeja suka shigar da Auyo cikin mulkinsu. Turawan Ingila sun ci Haɗeja da yaƙi a shekarar 1906, yankin ya kasance cikin Lardin Kano, daga baya Jihar Kano, har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

Mutanen farko na garin, Auyokawa, suna da harshensu na kansu, ɗan'uwan harsunan Bade da Ngizim da ake ji a Jihar Yobe. Wannan harshe ya ɓace, jikokin masu shi sun koma magana da Hausa. Wannan ya nuna mana cewa gari yana iya sauyawa ƙwarai ba tare da an ji wata ƙara ba. Harshe guda ya tafi a hankali, ta hanyar auratayya da kasuwanci da cuɗanya, har aka wayi gari babu mai jinsa.

Yawan jama'a

Ƙidayar jama'a ta shekarar 2006 ta nuna cewa Ƙaramar Hukumar Auyo tana da mutum kimanin 132,000, a lokacin da jihar baki ɗaya take da fiye da miliyan 4.3. Faɗin ƙasar ƙaramar hukumar ya ɗan haura murabba'in kilomita 500. Idan aka raba, za a ga cewa kowane murabba'in kilomita ɗaya yana ɗauke da mutum wajen 250 tun a wancan lokaci.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a kula da su game da wannan adadi. Na farko, adadi ne na ƙaramar hukumar gaba ɗaya, ba na cikin garin Auyo kaɗai ba, domin sakamakon ƙidayar 2006 da aka bayyana ya tsaya ne a matakin ƙananan hukumomi. Akasarin jama'ar suna zaune ne a ƙauyuka da rugage, cikin gari kuwa kaso ne kawai daga cikinsu. Na biyu, adadin ya tsufa. Ƙidayar da aka shirya yi a shekarar 2023 an ɗage ta, saboda haka duk wani adadi da ake ambata bayan na 2006 ƙiyasi ne.

Ana yin wannan ƙiyasi ta hanyar lissafi mai sauƙi. Al'ummar da ke ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a kowace shekara takan ninka kanta cikin shekara 24 ko kusa da haka. Idan muka ɗora wannan ma'auni a kan Auyo, mutum 132,000 na shekarar 2006 za su kai wajen 264,000 zuwa shekarar 2030. Dalilin wannan ƙaruwa a fili yake. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa mace a Jihar Jigawa takan haihu kimanin sau bakwai a tsawon rayuwarta, wanda yake cikin mafi yawa a Nijeriya. Sakamakon haka yara ne suka fi rinjaye: a irin wannan al'umma, fiye da kashi 40 cikin 100 ba su kai shekara 15 ba.

Ƙabilu da zamantakewa

Hausawa da Fulani ne mafi yawan mazauna yankin, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Hausa ce harshen kasuwa da masallaci da zaure, yayin da ake jin Fulatanci a rugagen makiyaya. Tsarin shugabanci na gargajiya yana nan daram, daga hakimi zuwa dagaci zuwa mai unguwa, kuma ta wannan hanya ake sasanta yawancin saɓanin gona da na iyaka kafin su kai gaban alƙali. A gari irin wannan kowa ya san gidan da ɗan'uwansa ya fito. Suna da ɗaurin aure da jana'iza al'amura ne na unguwa baki ɗaya, baƙo kuma ba ya kwana biyu ba a san mai masaukinsa ba. Wannan sanin juna shi ne ginshiƙin natsuwar da ake gani.

Yawan mutanen da ke cikin gari yana hawa da sauka bisa ga lokutan shekara. Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, kowa yana gona, gari yakan yi tsit da hantsi. Da kaka kasuwa takan cika, bukukuwa su yawaita. Da rani kuwa, al'adar da aka saba ita ce matasa su tafi cin rani Kano ko kudancin ƙasar, su dawo idan ruwa ya sauka. Noman rani ya fara sauya wannan al'ada, domin wanda yake da abin yi a gida ba ya sha'awar kwana a tashar wani gari.

Sana'o'i da ruwa

Noma shi ne babbar sana'a. A kan tudu ana shuka gero da dawa da wake da riɗi, a fadama kuma shinkafa da alkama da masara da kayan lambu irin su tumatur da albasa da tattasai. Bayan noma akwai su da kiwo da ƙananan sana'o'in hannu. Dukkan waɗannan sun dogara ne da Kogin Haɗeja, wanda ke samun ruwansa daga Kogin Kano da Kogin Calawa, ya bi ta Wudil da Ringim kafin ya iso wannan yanki, sannan ya wuce zuwa dausayin Haɗeja da Nguru.

Tun bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974 da ta Calawa a shekarar 1992, tafiyar kogin ta sauya. A da yakan cika da damina ya janye da rani. Yanzu ana sakin ruwa kusan duk shekara, abin da ya bai wa ciyawar kacala damar yaɗuwa ta toshe hanyoyin ruwa. Idan ruwa ya zo da yawa bai sami hanya ba, sai ya fantsama cikin gonaki da gidaje. Bugu da ƙari, kacala mafaka ce ga tsuntsayen jan-baki masu cinye amfanin gona. Auyo tana cikin ƙananan hukumomin da ambaliya ta yi wa ɓarna a shekarun 2018 da 2020 da 2022.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, wannan kogi shi ne arzikin yankin. Aikin noman rani na Kwarin Haɗeja, wanda aka fara tun zamanin Shugaba Shehu Shagari, yana cikin ƙasar Auyo. An sake ɗaukar aikin a shekarar 2018 da tallafin Bankin Duniya, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya buɗe shi a watan Janairun 2023, da faɗin hekta kimanin 5,700. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke kula da shi.

Abin da wannan ke nufi

Idan jama'a suka ninka, gona ba ta ninkawa. Gonar da magidanci ɗaya ya noma ya ciyar da iyalinsa, idan aka raba ta gado sau biyu, kason kowane jika ba zai cika rumbu ba. Daga nan ne ake fara cin burtali da mashaya, saɓani ya taso tsakanin manomi da makiyayi waɗanda iyayensu suka zauna lafiya. Daga nan ne kuma ake fara gina gidaje a kwari da kan hanyar ruwa, inda magabata suka ƙi ginawa. Haka nan, ajin makaranta da asibitin da aka tsara bisa adadin 2006 ba za su wadatar da jama'ar yau ba.

Saboda haka muna jan hankalin jama'a da jami'ai ga abubuwa kamar haka. Iyaye su yi wa kowane jariri rajistar haihuwa a wurin jami'an Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin yaron da ba a rubuta ba, ba a lissafa shi wajen tsara makaranta ko rigakafi. Dagatai da masu unguwanni su riƙa ajiye littafin haihuwa da mutuwa da na baƙin da suka zo zama, su miƙa wa ƙaramar hukuma a kai a kai. Jami'an filaye su hana gini a kan hanyar ruwa, su kuma kiyaye burtali da mashaya kamar yadda aka shata su. Manoman rani su riƙe ƙungiyoyinsu na masu amfani da ruwa, su yashe magudanai a kan lokaci. Al'umma kuma su ci gaba da aikin gayya na sare kacala da gyaran jinga tun da bazara, ba sai kogi ya cika ba, tare da sauraron gargaɗin ambaliya da hukumomi ke bayarwa kafin kowace damina.

Kammalawa

Natsuwar Auyo gado ce da magabata suka bari, wadda ta ginu a kan sanin juna da wadatar ƙasa da albarkar kogi. Sanin juna yana nan, amma ƙasa ta fara ƙaranci, kogi kuma yana buƙatar kulawa fiye da da. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Matakin farko na rigakafin shi ne kowace unguwa ta san yawan mutanenta, kowane jami'i kuma ya yi tsarinsa bisa yawan jama'ar da ke nan a yau da waɗanda ke tafe.