MESAR RAIRAYI A CIKIN GIDA

A ƙauyukanmu, in aka yi ihu aka ce "Maciji!" ba mai tsayawa tambayar irinsa. Maza su rarumi sanda, mata su kwashe yara. Ba mu ga laifin kowa ba, gama wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma a Amurka da ƙasashen Turai akwai mutane da yawa da suke sayen maciji da kuɗinsu, su kawo shi gida, su raɗa masa suna kamar yadda muke yi wa kyanwa ko aku.

Wata uwa daga cikin mutanenmu da ke zaune a Amurka ta rubuto mana. Ɗanta mai shekara 12 ya komo daga gidan abokinsa da ɗan akwati, a ciki kuwa ga wani gajeren maciji mai ruwan lemo da ɗigo-ɗigo masu duhu. Kyauta aka yi masa. Maigidanta ya ce lalle a fitar da shi kafin dare. Yaro yana ta kuka. Ita kuwa tambayarta biyu ce: abin nan zai cuci 'ya'yana? In ba zai cuce su ba, yaya ake kiwonsa? Mun ga ya kamata mu amsa mata a nan, domin maganar ta shafi iyaye na gida ma, kamar yadda za mu gani a ƙarshe.

WACE IRIN DABBA CE?

Abin da aka ba yaron nan shi ne muke kira mesar rairayi, domin tana kashe abincinta ta wurin naɗe shi da matsewa kamar mesa, tana kuma zama a cikin rairayi. Ba ta da dafi ko kaɗan. Wadda aka fi kiwo asalinta daga Kenya da maƙwabtanta ne, ana kuma samun irinta a Masar da Sudan da Chadi. Namiji yakan kai inci 15 zuwa 20, mace kuwa takan kai inci 30 ko ta ɗan wuce. Jikinta kakkaura ne, wutsiyarta gajeruwa, kanta kuwa ba ya fita dabam da wuyanta. Takan binne kanta duka, ta bar idanu da hanci kaɗai a waje, tana jiran ɓera ko ƙadangare ya gifta.

Tana da 'yar'uwa a ƙasarmu, wadda ke zaune a busassun wurare na Afirka ta Yamma, har da arewacin Nijeriya da Nijar. Ta Kenya haihuwa take yi, tamu kuwa ƙwai take sakawa.

A YI SHAWARA TUKUNA

Kafin a ce "a bar ta", sai iyali su zauna. In an lura da ita da kyau, mesar rairayi takan yi shekara 15 zuwa 20, wani lokaci ma fiye. Watau yaro mai shekara 12 zai gama makaranta, ya kama aiki, watakila har ya yi aure, tana nan da ranta. Wa zai riƙa ba ta abinci sa'ad da ya tafi? Wannan ita ce tambaya ta fari.

Ta biyu ita ce doka. A jihar Hawai ta Amurka an hana ajiye kowane irin maciji a gida, wasu birane kuma suna da nasu dokoki. Mai zaman haya sai ya tambayi mai gidan. Dukan dangin wannan maciji suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973, don haka ba a ƙetare iyakar ƙasa da ita sai da takardar izini.

Ta uku, in akwai yaro ƙasa da shekara 5 a gidan, ko mai ciki, ko tsoho marar ƙarfi, sai a yi tunani sau biyu. Dalilin yana nan gaba.

ƊAKINTA

Akwatin gilashi ko na roba mai tsawon inci 30 da faɗin inci 12 ya ishi namiji. Babbar mace tana son wanda ya fi haka. Lalle murfin ya kasance mai ramukan iska, mai kullewa kuma, gama ƙarfinta ya fi girmanta, takan tura murfi da kai ta fice.

A zuba mata abin da za ta nutse a ciki, zurfin inci 3 zuwa 4. Masu kiwo sukan yi amfani da dusar katakon aspen, ko rairayi mai tsabta gauraye da ƙasa. Kada a sa dusar itace mai ƙanshi irin su al'ul, domin man da ke cikinsa yana cutar numfashinta.

Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa kamar mu. Saboda haka gefe ɗaya na akwatin ya zama da ɗumi, digiri 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen kuma da sanyi-sanyi, digiri 24 zuwa 27. Ita za ta zaɓi inda take so. Ko fitila aka sa ko faifan ɗumi na lantarki, dole a haɗa shi da na'urar da ke kashe wuta in zafi ya wuce kima. Dabbar da ke haƙa ƙasa takan kwanta daidai kan gilashi mai zafi, ta ƙone ba tare da an sani ba. A sa ma'aunin zafi, kada a dogara ga tafin hannu. A ajiye ɗan kwanon ruwa mai nauyi a gefen sanyi, a riƙa sake ruwan kullum.

Wanda zai yi kiwon a ƙasa mai zafi irin tamu, sai ya fi jin tsoron bazara. Akwatin gilashi a rana tanderu ne. Da hunturu kuwa, in an ɗauke wuta da dare, kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tsumma a jikin akwatin daga waje za ta taimaka.

MAKON FARKO

A nan ne yara suka fi yin kuskure. Suna so su nuna wa kowa, su tono ta sau goma a yini. Sabuwar baƙuwa ce, a tsorace take. A bar ta mako guda ba a taɓa ba. In ba a gan ta ba sam, ba laifi, haka halinta yake. Bayan ta ci abinci sau biyu ko uku lafiya, sa'an nan a fara ɗaukarta, minti 5 zuwa 10.

A ɗauke ta daga ƙasa, a tallafe ta da hannu biyu. In hannu ya sauko mata daga bisa farat ɗaya, za ta zaci abinci ne ko shaho, ta kai cizo. Cizonta kamar kartar ƙaya ne, sabulu da ruwa sun isa. Ba gwanar hawa ba ce, ba ta riƙe hannu sosai, don haka yaro ya zauna a ƙasa in zai riƙe ta.

ABINCI

Ba ta cin tuwo, ba ta shan madara. Ɓera take ci, ɗungum. Ƙarama takan ci jinjirin ɓera ɗaya kowane kwana 5 zuwa 7, babba kuwa ɗaya kowane kwana 10 zuwa 14. Kaurin ɓeran kada ya wuce kaurin tsakiyar jikinta. A can Amurka kantunan dabbobi suna sayar da ɓerayen da aka kiwata, aka daskarar a firji. A narkar da shi a ruwan ɗumi, a tsane shi, a miƙa mata da dogon hantsaki da yamma. Ɓera mai rai yakan ciji maciji ya ji masa mummunan rauni.

Kada a kama mata ɓeran gida. Watakila ya ci guba. Banda haka, ɓera ne yake ɗauke da zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau.

Bayan ta ci, a ƙyale ta kwana biyu, in ba haka ba za ta yi amai. Uwar da ba za ta iya jure ganin ɓera a gidanta ba, gara ta faɗa tun yau.

SAƁA, CIWO DA TSABTA

In za ta yi saɓa, launinta yakan dushe, idanunta su yi fari-fari, ta ƙi abinci. A sa mata ɗan gwangwanin roba mai ƙofa, da damshin gansakuka ko tsumma a ciki, domin fatar ta fita gaba ɗaya. A duba bakin wutsiya da idanu ko akwai saura. Amma in tana numfashi da baki a buɗe, ko majina tana fita, ko ana ganin ƙananan baƙaƙen ƙwari a jikinta, ko tana ramewa, sai wurin likitan dabbobi.

Macizai lafiyayyu ma sukan ɗauki ƙwayar cutar salmonela a kashinsu, mai kawo zawo da zazzaɓi. Hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka ta ba da shawara kada yara ƙasa da shekara 5 su taɓa irin waɗannan dabbobi. Kowa ya wanke hannu da sabulu bayan ya taɓa ta. Kada a sumbace ta, kada a wanke kwanonta inda ake wanke kwanonin abinci.

GARGAƊI GA IYAYE NA GIDA

Yanzu ga abin da ya fi damunmu. 'Ya'yanmu suna ganin hotunan nan a waya, yara irinsu suna wasa da maciji a hannu. Wata rana wani zai ga gajeren maciji mai ɗigo-ɗigo a gona, ya ce ai irin wancan ne. Kama da wane ba wane ba ne. Kububuwa ma gajeruwa ce, mai ruwan ƙasa da ɗigo-ɗigo, ita ce kuwa ta fi kowane maciji kashe mutane a arewacin Nijeriya. Dafinta yana hana jini daskarewa, har dasashi ya riƙa zub da jini. Asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe shaida ne, musamman lokacin noma da girbi.

Masana sun san bambancin: kububuwa tana da faffaɗan kai da siririn wuya, takan kuma goga jikinta ya yi ƙara kamar ruwa a tafasasshen mai. Amma yaro ba zai auna wannan a cikin ciyawa ba. Dokar gida ta zama guda ɗaya: ba a ɗaukar maciji a daji, ko wane iri ne. In sara ya faru, kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A kwantar da mutum, a kai shi asibiti nan da nan.

Ga uwar da ta rubuto kuwa, amsarmu ke nan. Dabbar da ke cikin akwatin ɗanki ba za ta kashe kowa ba. Ita ce ma ranta yake hannunku. Ku zauna da maigida da yaron, ku karanta wannan tare. In kun ga za ku iya, ku riƙe ta da kyau, yaro ya koyi ɗaukar nauyin abin da ba ya iya cewa yana jin yunwa. In ba za ku iya ba, ku mayar wa mai ita da godiya. Kada dai a sake ta a waje, gama sanyin can zai kashe ta.