Yadda Hannun Marubucin Fim Ke Faɗawa

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, harkar finafinan Hausa ba ta taɓa rasa masu labari a baki ba. Wanda ake nema ruwa a jallo shi ne mai iya zama ya tsara labarin nan sin bayan sin, yadda darakta zai karɓa ya shiga aiki kai tsaye. Kafin hannu ya faɗa haka sai an ɗauki shekaru, kuma akwai hanyar da ake bi.

Da farko, ka gama abin da ka fara. Matasa da yawa na da farkon labari iri-iri a waya, babu wanda ya kai ƙarshe, alhali a tsakiyar labari ake koyon aikin, inda zumuɗi ya ƙare, wahala ta rage. A tsarin rubutun fim, shafi ɗaya yakan ba da kusan minti ɗaya a allo. Don haka fara da gajere mai shafi 10, ka kai shi ƙarshe, kafin ka tunkari mai shafi 90.

Sai babban darasi, wanda ya fi kowanne cin lokaci: rubuta abin da ido zai gani, kunne ya ji. Yawancin marubutanmu daga littafi suka taso. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino littafi ne kafin ya zama fim, haka su Balaraba Ramat Yakubu da Nazir Adam Salih da Fauziyya D. Sulaiman duk sun yi suna a littafi tukuna. Wannan tushe ne mai kyau, amma yana da tarko. A littafi kana iya cewa kishi ya tokare wa Hajara ƙirji, ka wuce. Kyamara ba ta ɗaukar abin da ke cikin ƙirji. A fim sai dai ka zaunar da Hajara a tsakar gida tana tsintar shinkafa a faranti, maigida ya shigo da leda ya nufi ɗakin amarya. Ta ce, "Sannu da zuwa, Malam," ba ta ɗago kai ba. Ya tsaya ya ce, "Lafiya dai ko?" Ta ce, "Lafiya lau." Sai a nuna hannunta yana watsar da shinkafa mai kyau tare da tsakuwa. Babu wanda ya ambaci kishi, amma mai kallo ya gama fahimta. Mai son wannan ido, ya zaɓi fim ɗin da ya burge shi, ya kashe sauti, ya rubuta abin da yake gani a kowane sin.

Zance kuwa a bakin mutane ake koyonsa: a kasuwa, a majalisa, a cikin adaidaita sahu. Tsohuwa ba ta magana irin ta ɗalibar jami'a. Karanta abin da ka rubuta da babbar murya. Duk inda harshenka ya sarƙe, na jarumi ma zai sarƙe.

In ka gama, ajiye rubutun na ɗan lokaci, sannan ka dawo ka tambayi kowane sin: me ya canza a nan? In babu, cire shi, ko da kuwa shi ka fi so. A ganina nan ne ake rabuwa tsakanin mai sha'awa da mai sana'a, domin gyara ba ya da daɗin rubutun farko, kuma babu mai yi maka tafi a kansa.

Daga nan ka nemi zuwa lokeshan, ko da riƙe takarda ne aikinka. A can za ka ga yadda layi ɗaya, "taron biki ya cika maƙil", ke zama kuɗin mota da abinci da sallamar mutane masu yawa a wuyan furodusa. Ka kuma san ƙa'idojin Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, don kada a yanke sin ɗin da labarinka ya dogara a kai.

Zamanin finafinai masu dogon zango ya buɗe wata makaranta. Tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa, Labarina na Aminu Saira ya biyo baya a 2020. Irin wannan aiki yana tilasta wa marubuci rubutu a kan lokaci, tare da wasu, da karɓar gyara ba tare da fushi ba.

Sauran abin kuma haƙuri ne, gaskiya mai ɗaci. Za a karɓi labari a yi shiru, za a biya kaɗan, wani lokaci a manta da sunanka. Saboda haka ka rubuta yarjejeniya kafin ka miƙa aiki, kuma ka riƙe wata sana'ar da za ta ciyar da kai a shekarun farko. In aka dawo maka da labari, kada ka tafi sai ka tambayi dalili, ka rubuta amsar, ka yi aiki da ita a na gaba.